Tarihin Neman Hanyar Rarrabe Ƙudan Zuma Mai Faɗa da Mai Sanyin Hali a Ƙasashen Amurka

Sa'ad da Turawa suka fara sauka nahiyar Amurka ba su tarar da irin ƙudan zuman nan da a ke kiwo cikin amya ba, watau wanda masana ke kira Apis mellifera. Abin da mutanen ƙasar suka sani shi ne waɗansu ƙananan ƙudaje marasa ƙari, masu ba da zuma kaɗan. Turawan Ingila ne suka kai nasu Bajiniya a cikin shekarar 1622. Barazil kuwa sai a 1839 wani limamin Kirista mai suna Antônio Carneiro ya kawo amyoyi daga Fotugal zuwa Rio de Janeiro, daga baya Jamusawa da Italiyawa da suka yi ƙaura can suka zo da nasu iri. Dukan waɗannan ƙudaje na ƙasashen sanyi ne, saboda haka a wuraren zafi na Barazil ba su yi albarka ba, zuman da a ke samu bai taka kara ya karya ba.

Domin a gyara wannan hali ne wani masanin ilmin gadon halitta, Warwick Kerr, ya tafi Afirka a cikin 1956, ya komo da sarauniyoyin zuma, yawancinsu daga Afirka ta Kudu, kaɗan daga Tanganyika. Nufinsa shi ne ya haɗa su da na Turai, ya fid da iri mai jure zafi da ƙwazon aiki kamar na Afirka, mai sauƙin kai kamar na Italiya. Aka ajiye su a wani daji kusa da garin Rio Claro, cikin jihar São Paulo, aka sa wa ƙofar kowace amya raga ta ƙarfe wadda ma'aikata ke iya ratsawa, amma sarauniya da maza ba su iyawa. A cikin 1957 wani mai kiwon zuma da ya zo wurin ya ga ragar tana takura wa ƙudajen, ya cire ta da kyakkyawar niyya. Sarauniyoyi 26 suka tashi da jama'arsu suka shiga daji. Daga nan zuriyarsu ta riƙa bazuwa, a shekara ta kan ci mil ɗari biyu ko fiye. Ta kai Panama a 1982, ta shiga Meksiko a 1986, a cikin watan Oktoba na 1990 kuwa aka kama taronsu na farko a ƙasar Amurka, kusa da garin Hidalgo na jihar Teksas.

Ya kamata a san tun da fari cewa dafin wannan ƙuda bai fi na ɗan'uwansa na Turai ƙarfi ba, hasali ma da ya ke ya ɗan fi shi ƙanƙanta, dafin da ke cikin jikinsa bai kai nasa yawa ba. Masifarsa tana ga yawa da sauri da naci. Abin da zai sa ƙudaje goma su fito daga amyar Italiya, shi zai sa ɗaruruwa su fito daga tasa, su bi mutum nesa, su daɗe ba su huce ba. Dabbobin da ke ɗaure a turke su ne suka fi halaka, mutane kuma sun mutu. Jaridu suka laƙaba masa suna makashin ƙuda, har a 1978 aka yi sinima a kansa a Amurka don tsorata jama'a. To, sai hukumomi suka tsaya a kan tambaya guda wadda ta yi kama da mai sauƙi: in an kama taron zuma a tashar jirgin ruwa, ko a bakin iyaka, ko a kogon itace, yaya za a san ko na Afirka ne ko na Turai?

Ido dai ba ya rarrabewa. Launinsu ɗaya ne, ratsin jikinsu ɗaya ne, bambancin girmansu kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, har gwanin da ya tsufa cikin sana'ar ba ya iya rantsuwa a kai. Kama da wane ba ta wane, amma a nan an rasa ta inda za a kama bambancin.

Awon jiki

Dabarar farko da aka nufa ba sabuwa ba ce, gama masanan Turai sun daɗe suna auna gaɓoɓin ƙudan zuma don su san asalinsa. A cikin 1929 wani Barashe, Alpatov, ya nuna cewa tsawon harshen ƙudan zuma yana ƙaruwa in an taso daga arewacin Rasha an nufi kudu. Wani Bajamushe mai suna Goetze ya lura da jijiyoyin da suka yi rassa cikin fiffike kamar jijiyoyin ganye, ya ɗauki guntaye biyu daga cikinsu yana gwada tsawon ɗaya da na ɗaya. A baƙin ƙudan arewacin Turai, mai zafin rai, babban guntun bai cika ninka ƙaramin sau biyu ba, a ƙudan Karniyola mai sanyin hali kuwa ya kan wuce haka. Masu kiwon zuma na Jamus sun yi aiki da wannan awo ƙwarai sa'ad da su ke musanya baƙin ƙudansu da na Karniyola. Wanda ya kai wannan ilmi matuƙa shi ne Friedrich Ruttner, wanda ya tara samfur daga Turai da Asiya da Afirka a cibiyarsa ta Oberursel, ya buga babban littafinsa a kan rabe-raben ƙudan zuma a 1988.

A nan akwai wani abu da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Wajen shekara ashirin, duk takardun da aka rubuta a kan ƙudan da ya kuɓuce a Barazil suna kiransa Apis mellifera adansonii. Wannan suna kuwa Latreille ne ya ba ƙudan Afirka ta Yamma a 1804, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 yana nazarin tsirrai da dabbobi. Shi ne ƙudan da ya fi yawa a amyoyin da a ke ratayewa a bisa itatuwa a wannan sashe na Afirka, wanda masu ɗiban zuma na ƙasar Hausa ba su tunkararsa sai da dare da wuta a hannu. A wancan zamani masana sun ɗauka duk ƙudan da ke kudu da Sahara kusan iri ɗaya ne. Sai a tsakiyar shekarun 1970 awon Ruttner ya nuna cewa na tuddan gabas da kudancin Afirka dabam ya ke, sunansa scutellata, kuma shi ne Kerr ya ɗauko. Ashe an daɗe ana ɗora wa ƙudan Yamma laifin ɗan'uwansa, ko da ya ke shi ma ba kanwar lasa ba ne.

Ba kuma dukan ƙudajen Afirka ne masu faɗa ba. A cikin 1961 F. G. Smith, wanda ya yi aikin zuma a Tanganyika, ya bayyana wani baƙin ƙuda na kan manyan duwatsun gabashin Afirka, ya sa masa suna monticola, an kuwa san shi da sauƙin kai. Haka kuma na dausayoyin kudancin Maroko. A Turai ma na tsibirin Kubrus ya yi suna wajen harbi. Masana suna ganin cewa faɗan scutellata ya samo asali ne daga yawan abokan gaba a mazauninsa, kamar su dage da tururuwa da ɗan Adam mai zuwa da wuta, har ya zama amyar da ba ta tsare gidanta da ƙarfi ba ta barin baya. Ko da wannan kaɗai ya isa ya faɗakar da mutane cewa sunan nahiya ba ya gaya wa kowa halin amya, amma tsoro bai bari an tsaya a kai ba.

A cikin 1978 Howell Daly da Steven Balling na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da hanyar da ta zama madogara ga hukumomi. A kan ɗauki ma'aikata goma daga amya, a feɗe kowace, a ɗora fiffikenta na gaba da na baya, da ƙafarta ta baya, da ɓawon cikinta inda kaki ke fitowa, a kan gilashi, a haska su da madubin ƙara girma. Daga nan a yi awo iri 25, na tsawo da faɗi da kusurwar jijiyoyi da yawan ƙugiyoyin da ke sarƙe fiffike da fiffike. Ba ko ɗaya cikin awon nan da ya isa shaida shi kaɗai, sai an haɗa su duka cikin lissafi, sa'an nan lissafin ya ce amyar ta fi kusa da wannan iri ko wancan. Aiki ne mai kyau, amma mai cin lokaci, samfur guda ya kan cinye sa'o'i, ko da ya ke daga 1982 an sa kwamfuta ta ɗauki nauyin lissafin.

Wahalar ta fito fili a cikin 1985, sa'ad da aka sami gidan waɗannan ƙudaje cikin rami a filin haƙar man fetur na Lost Hills a Kalifoniya, ana zaton cikin kayan aiki suka zo daga kudu. Aka hana fitar da amyoyi daga yanki mai faɗi, aka tara dubban samfur, waɗanda aka tabbatar na Afirka ne kuwa ba su wuce 'yan kaɗan ba. A halin nan masu kiwo suna zaune an tsare dukiyarsu, suna jiran hukuncin madubi. Saboda irin wannan ne Thomas Rinderer da abokan aikinsa na cibiyar binciken zuma ta gwamnatin Amurka da ke Baton Rouge suka tsara gajeriyar hanya, wadda a ke kira FABIS. A auna tsawon fiffiken gaba kurum, in matsakaicinsa ya haura wajen milimita 9 sosai a sallami amyar, in ya gaza a ƙara da awon cinya da nauyi, in har yanzu da shakka a aika da samfur ga cikakken awo. Akwai kuma dabarar daji wadda ba ta bukatar madubi: a auna ramuka goma na saƙar ma'aikata a jere, in sun gaza santimita 5 a yi zargi, gama na Turai su kan wuce haka. Har wata na'ura aka ƙera mai sauraren kukan fiffike, bisa ga cewa na Afirka ya fi saurin kaɗawa, amma ba ta sami karɓuwa ba.

Raunin dukan waɗannan ɗaya ne. Girman ƙuda ba gado kaɗai ke yanke shi ba. Ɗan Afirka da aka rena cikin saƙa mai manyan ramuka ya kan fito da ɗan girma, ɗan Turai da ya tashi cikin yunwa ko tsohuwar saƙa ya kan fito ƙarami. Ruwa biyu kuwa, watau wanda ya haɗa jinin nan da na can, sai ya faɗa tsakiya, inda lissafin ba ya da ta cewa.

Gwajin hali

Tun kafin wannan, a Barazil kanta, wani masani mai suna Antonio Carlos Stort ya bi wata hanya dabam a farkon shekarun 1970. Maimakon ya tambayi asalin ƙuda, sai ya tsokane shi ya ga abin da zai yi. Ya kan rataya 'yar ƙwallo ta baƙar fata a zare, ya yi ta kaɗa ta a ƙofar amya har minti ɗaya. Sa'an nan ya rubuta daƙiƙa nawa aka yi kafin harbin farko, ya ƙirga ƙarin da aka bari a jikin fatar, ya tafi a ƙafa ya auna nisan da ƙudajen suka bi shi. An zaɓi baƙar fata ne don ƙudan zuma ya fi kai wa abu baƙi mai motsi hari. Dalilin da ya sa harbi ɗaya ke jawo ɗari kuwa an riga an gano shi a 1962: ƙarin da ya maƙale yana fid da wani ƙamshi mai kama da na ayaba, wanda ke kiran sauran zuwa wurin. A cikin 1982 Anita Collins da abokan aikinta suka yi irin wannan gwaji da amyoyi masu yawa a Benezuwela da Luwiziyana, suka sami cewa na Afirka sun fi saurin fitowa, harbin da suka bari a fata kuma ya ninka na Turai wajen sau takwas.

Wannan gwaji shi ne ya amsa ainihin abin da manomi da maƙwabcin mai amya ke son sani. Amma hukuma ba ta iya dogara da shi. Halin amya yana sauyawa da zafin rana, da iska, da yawan furanni, da yawan jama'arta. Taron da ya tashi yana neman sabon gida ba shi da 'ya'ya ko zuman da zai tsare, saboda haka ko na Afirka ne sai a same shi lafiya lau, bayan 'yan makonni ya zama abin gudu. Mai tsaron iyaka kuwa yawanci irin wannan taro ya ke kamawa, ko ma gawawwaki cikin kwalba. Shi ya sa aka ci gaba da neman shaidar asali.

Shaidar gado

A cikin 1989 takardu biyu suka fito tare a mujallar Nature, ɗaya ta Glenn Hall da Muralidharan, ɗaya ta Deborah Smith da Orley Taylor da Wesley Brown. Sun duba zaren gado, wanda masana ke kira DNA, amma na wani ƙaramin sashe na ƙwayar jiki mai suna mitokondiriya, wanda a ke gadonsa daga uwa kaɗai. Suka sami cewa kusan dukan ƙudajen daji daga Barazil har Meksiko na Afirka ne ta wajen uwa. Wannan ya rushe zaton da aka daɗe ana yi, cewa mazan Afirka ne ke barbarar sarauniyoyin Turai, jinin yana tsarkuwa a hankali, faɗan zai ragu kafin a kai arewa. Ashe 'ya'ya mata ne na sarauniyoyin Rio Claro suka yi ta tashi, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har suka ratsa nahiya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na gadon ƙudan Barazil na Afirka ne.

Cikin 'yan shekaru aka mai da wannan bincike gwaji mai sauƙi, wanda ƙafar ƙuda guda ta ishe shi, ya kuma ba da amsa biyu kurum, Afirka ko Turai. Hukumomi suka yi murna da shi, don irin amsar da a ke iya rubutawa a takarda ke nan. Sai dai matsaloli suka biyo baya. Ƙudan kudancin Sifen da Fotugal yana ɗauke da alamar uwa irin ta Afirka tun fil azal, an kuwa kai shi Amurka ɗaruruwan shekaru kafin Kerr. A kudancin ƙasar Amurka an sami ƙudajen daji masu alamar Masar, ragowar waɗanda aka shigo da su a ƙarni na 19. Sai da aka ƙara tace gwajin kafin ya rarrabe waɗannan da scutellata.

Babbar matsalar ta fi wannan zurfi. Sarauniya ta kan sadu da maza goma zuwa ashirin a sararin sama, ta adana maniyyinsu har iyakar ranta, don haka ma'aikatan amya guda uwarsu ɗaya, ubanninsu da yawa. Sarauniyar Italiya tsantsa wadda mazan daji suka barbara za ta haifi 'ya'ya waɗanda gwajin uwa zai wanke su sarai. A cikin 2005 kuwa Ernesto Guzmán-Novoa da Greg Hunt da abokan aikinsu suka nuna, bisa gwajin da suka yi a Meksiko, cewa ruwa biyun da ubansu ne ɗan Afirka sun fi waɗanda uwarsu ce 'yar Afirka faɗa nesa ba kusa ba. Watau gwajin da aka fi amincewa da shi yana duban ɓangaren da ya fi ƙarancin tasiri a kan harbi, ya bar ɓangaren uba a rufe.

Sa'an nan ga labarin tsibirin Puerto Rico. Ƙudan ya shiga can a 1994, da faɗansa kamar ko'ina. Bayan shekaru kaɗan mutane suka lura ya yi sanyi. Tugrul Giray na jami'ar tsibirin da abokan aikinsa suka gwada shi, suka buga sakamako a 2012: ta wajen uwa ɗan Afirka ne, yana kuma da ƙwazon na Afirka wajen kakkaɓe ƙwaron nan varroa mai tsotsar ƙudan zuma, amma harbinsa bai fi na Turai ba. A 2017 Arián Avalos da waɗansu suka karanta dukan zaren gadonsa, suka gwada da na Meksiko da na Hawai, suka sami yawancinsa na Afirka ne, sai waɗansu wurare ƙalilan da suka sauya cikin hanzari. Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi shi ne, tsibirin cike ya ke da mutane, ba shi da manyan dabbobi masu fasa amya, duk gidan da ya yi faɗa an hallaka shi, mai haƙuri ya saura ya hayayyafa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da za a kawo wannan ƙuda gaban awon Daly ko gwajin uwa, da an yanke masa hukuncin kisa alhali ba shi da laifi.

Masu kiwon zuma na Barazil, waɗanda abin ya fara faɗa wa, ba su jira ƙarshen wannan muhawara ba. Da fari da yawa sun bar sana'ar, Kerr kuma ya rarraba dubban sarauniyoyin Italiya a shekarun 1960 don a sassauta jinin, abin bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Waɗanda suka saura sai suka sake dabara. Suka kawar da amyoyi daga bakin hanya da turakun dabbobi, suka ba kowace amya gindinta dabam don motsin ɗaya kada ya ta da sauran, suka ƙera manyan tukwanen hayaƙi, suka ɗinka riguna farare masu kauri. Amyar da ta cika faɗa a kashe sarauniyarta, a ba ta 'yar wadda aka ga ta fi haƙuri da yawan zuma, ba tare da an tambayi kakanninta ba. Ta haka arewa maso gabashin ƙasar, inda ƙudan Turai bai taɓa zama da gindinsa ba, ya zama wurin zuma, jihar Piauí tana cikin na gaba, abin da Barazil ke samu kuma ya haura tan 50,000 a shekarar 2020.

Ƙasashen da ƙudan bai shiga ba har yanzu asali su ke tambaya, suna kuwa da hujja, gama mai tsaron iyaka ba ya iya jiran ya ga hali. A cikin 2015 Nadine Chapman da Benjamin Oldroyd na Jami'ar Sidni, tare da waɗansu, suka tsara wa Ostireliya gwaji mai duban wurare 95 cikin zaren gado, na uwa da na uba duka, wanda ke faɗin kashi nawa na jinin ƙuda ne na Afirka. A kudancin ƙasar Amurka kuwa, inda jinin ya riga ya gauraya, shawarar da a ke ba mai kiwo ita ce ya sayi sarauniya wadda aka riga aka barbara a wurin da aka sani, ya ɗiga mata fenti a gadon baya, ya riƙa dubawa. Ran da ya buɗe amya ya tarar da sarauniya marar fenti, ya san an sake ta, bai kuwa san mazan da suka barbari sabuwar ba, sai ya cire ta ya sa wata.